Haƙorin Makkan Alhaji Tanimu

Duk faɗin Gwarzo da Kabo, kai har ka dangana da iyakar Katsina, ba a taɓa yin hanci irin nawa ba. Ba girmansa nake nufi ba, ko da yake ta nan ma Allah bai rage ni ba. Aikinsa nake nufi. Mutum zai yi sallama a ƙofar ɗakin haƙori, kafin ya zauna na san abin da ya kawo shi, na san abin da ya ci jiya, wani lokacin har da abin da yake shirin ci gobe. Na taɓa ce wa wani direba, "Turminka na hagu ya yi kogo," yana cikin mota a guje, ni ina kan babur. To, na ɗan ƙara gishiri. Motar a tsaye take. Amma kogon yana nan.

Sunana Garba. A bayan idona Garba Filaya ake ce min, a gabana kuwa Likita, alhali ni ba likita ba ne, ma'aikacin lafiyar haƙori ne, shekara ashirin da ɗoriya. Saboda ku na rubuta wannan, ku da ake turo mana daga makaranta da farar riga mai kari, kuna kallon filaya kamar ita ce sana'ar gaba ɗaya. Kun ɗauka aikin kamawa ne da ja. In da haka ne, da makanikai sun daɗe da korar mu.

Ni ban fara da farar riga ba. A kasuwar Kabo na fara, wajen wani tsoho, Baba Ɗanjuma mai cire tsutsar haƙori, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa garwashi ne, da guntun ƙarfe, da man shanu, da ƙwarya mai huji, da kwanon ruwa. Mai ciwo zai durƙusa ya buɗe baki a kan hujin, Baba ya zuba 'ya'yan gautan kura a kan ƙarfen da ya yi ja, hayaƙi ya tashi. Can sai ka ga wasu fararen abubuwa sirara suna yawo a cikin ruwan. Baba ya ce, "Ga su nan, 'yan banza, har da uwar." Mutum ya tashi yana godiya, ciwon ma ya ɗan lafa don tsabar murna. Shekara biyu ina hura masa wuta kafin wata rana na gwada abin ni kaɗai, ba bakin kowa a kan ƙwaryar. Tsutsotsin suka fito, har da uwar. Ashe cikin irin ne yake fashewa da zafi. Da na gaya wa Baba, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To kai ka fi ƙarfin nan. Tafi makaranta." Shi da kansa bai taɓa sanin cewa ƙarya ce ba. Haka ya gada.

Da na gama makarantar koyon aikin lafiya aka ajiye ni a wani ƙaramin asibiti a Gwarzo, ƙarƙashin Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, mace gajeriya wadda ba ta dariya sai ta ga dalili, kuma a wurina ba ta cika gani ba. Ranar farko ta kwashe filayoyin duka ta kulle a kabad. Ta miƙo min ɗan madubi mai mariƙi da 'yar ƙugiyar kankare datti, ta ce, "Wata shida ba za ka cire komai ba. Kallo za ka koya." Ita ta koya min cewa dasashi yana magana. Mai lafiya a ɗame yake, ya rungume haƙori, ba ya jini. In ka ga ya yi fari fat, ka duba ƙasan idon mutum, jini ne ya yi masa kaɗan. In mai ciki ta ce bakinta na jini, kada ka ce mata ai ciki ne, ka wanke mata. In kuwa ka ga magidanci dasashinsa ya kumbura ya saki, haƙora suna rawa ba wanda ya buge su, baki a bushe kamar kasko, to ka ajiye filaya, ka soki yatsansa a gwada suga. Suga yana ruɓar da dasashi, ruɓaɓɓen dasashi kuma yana hana suga sauka. Su biyun tare suke cin mutum, kowanne yana miƙa wa ɗan'uwansa kwano.

Na koya, na iya, har na fara taƙama. Irin wannan bakin yana da warinsa na daban. Kun san raken da aka sare aka bari a rana kwana uku, ya fara tsami amma zaƙin bai tafi ba? Ku haɗa shi da warin rijiyar da aka daina ɗiba. Shi ne. Duk wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa.

Alhaji Tanimu mutumin Lakwaya ne, mai mazarƙwaila. Ƙato ne, mai fara'a, abokin wasana, don kakanninmu taubasai ne ta wata hanya da shi kaɗai ya san lissafinta. In ya zo Gwarzo sai ya leƙo ya ajiye min curi guda ya ce, "Ci ka samar wa kanka aiki." A gefen fiƙarsa ta sama yana da haƙorin Makka, ruwan zinare, wanda ya sa shekarar da ya sauke farali. Ba ya dariya sai ta wannan gefen.

Ranar da ya zo a matsayin mara lafiya, bayan azahar ne, ana tsakiyar zafi. Sista ta tafi taro Kano. Tun daga ƙofa na ji warin. Ya zauna a kujera, kafin ya buɗe baki ya nemi ruwa, ya shanye leda biyu, ya nemi ta uku. Na haska tocila. Dasashin da ke kewaye da haƙorin Makkan ya yi jawur ya tasa, na danna da bayan madubi sai mugunya ta ɓullo ta gefen zinaren. Masu sa wannan haƙori a can sauri suke yi, layi ne a gabansu. Sai su ɗan goge lafiyayyen haƙori su kifa masa hula, ko ta zauna daidai ko ba ta zauna ba. Shekara da shekaru abinci yana shiga ta ƙarƙashi, asuwaki ba ya kaiwa, buroshi ba ya kaiwa. Waje yana ƙyalli, ciki ya zama ƙasa.

Na ce, "Alhaji, hular nan sai ta fita, da abin da ke ƙarƙashinta. Kuma kafin nan sai na ɗan soki yatsanka."

Ya rufe baki da hannu. "Wace hular? Garba, ka san shekara nawa na yi ina dafa rake kafin in ga ɗakin Allah? Wannan shi ne shaidata. In ka cire, in na yi dariya a kasuwa da me za a bambanta ni da kai?"

"Da tumbi, Alhaji."

"Ɗan banza. Ba ni ƙwaya kawai."

"To yatsan fa?"

"Suga? Ni da nake sayar da shi? In akwai shi a jikina ai jari ne."

Na yi dariya. Nan ne kuskuren, ku rubuta shi. Na yi dariya har da buga cinya, don maganar ta yi daɗi, kuma ni mutum ne da ba ya iya barin magana mai daɗi ta wuce ba rakiya. Na'urar gwajin tana ɗakin da ke kusa, taku goma. Na ba shi ƙwayoyi, na ce ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya dawo bayan kwana biyar. Da Sista tana nan, da ta tsaya a bakin ƙofa ta hana shi fita. Ni na raka shi har wajen babur ɗinsa muna ta zolayar juna.

Bai dawo ba sai bayan sati uku, a bayan motar ɗaukar kaya, a kan katifa. Kumburin ya sauko daga kunci ya cika ƙarƙashin haɓa har wuya, da tauri kamar itace. Muryarsa ta koma ta wani mutum daban, kamar mai magana daga cikin tulu. Sista ta soki yatsansa, ta kalli na'urar, ta kalle ni. Ta tafi rubuta takardar tura shi babban asibiti a Kano. Ina tsaye a kansa sai ya ɗaga hannu, ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro haƙorin. Ba filaya, ba allura. Haka ya fito kamar an zare gyaɗa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya kama hannuna ya danƙa min, ya rufe yatsuna a kai.

"Ajiye min," in ji shi. "Zan dawo in karɓa."

Bayan kwana uku aka dawo da shi Lakwaya a cikin likkafani.

Na wanke haƙorin, na jefa shi a 'yar kwalba da ruwan da muke jiƙa kayan aiki, na tura can ƙarshen durowa. Wannan ita ce shekarar da aka tilasta wa kowa sa takunkumin fuska saboda annoba. Ni da ma nawa a haɓa nake rataye shi, don yana hana ni surutu, kuma ina cewa yana tauye min hanci. A shekarar kuwa Sista ta ce duk wanda ta gani da hanci a waje, ya koma gida.

Ba a daɗe da sadakar arba'in ba, wani malamin makaranta ya zo in wanke masa baki. Mutum ne mai tsabta, haƙoransa kamar an jera shinkafa. Na ja takunkumi, na sunkuya. Sai na ji shi. Rake mai tsami da tsohuwar rijiya. Na ɗago da sauri har na buge fitila.

Na ce, "Malam, kana yawan shan ruwa?"

"Daidai misali."

"Tashi mu je."

Aka gwada, lafiyarsa ƙalau. Wadda ta biyo shi, wata tsohuwa daga Mainika, warin yana nan. Wanda ya biyo ta, yana nan. Kowane baki na leƙa, Alhaji Tanimu ne a ciki. Na fara tura kowa gwaji, mai kogo, mai karyayyen haƙori, har wani da ya shigo tambayar hanyar tasha. Gaskiya an kama mutum biyu ko uku masu suga da ba su san suna da shi ba, kuma suna nan da ransu, suna min addu'a, ba su san tsoro ne ya cece su ba. Amma sauran duk lafiya lau. Sista ta ce, "Malam Garba, ka ƙarar min da tsinken gwaji. Me ke damunka?" Na ce ƙwazo ne.

Abin bai tsaya a ɗakin aiki ba. In na sa takunkumi na shiga kasuwa, yana biye da ni. A sahun sallar Juma'a na waiga dama na waiga hagu, ina neman mai tumbi da murmushin gefe guda. A gida kuwa, in na tuɓe na zauna, shiru, babu shi. Na ce wato yana jin kunyar iyalina, dattijo ne.

Sai tururuwa. A bayan asibitin akwai wani lungu gindin katanga inda nake zagayawa in tsuguna in banɗaki ya cika. Wata rana da hantsi na koma karo na biyu, sai na tarar wurin ya yi baƙi ƙirin da tururuwa, sun yi da'ira daidai inda na tsuguna ɗazu, suna ta aiki ba hayaniya. Rana tsaka, ba iska, ko tsuntsu ba ya kuka. Na tsaya da buta a hannu. Na tuna a wajen zaman makoki ƙanin Alhaji ya ce sun daɗe suna mamakin yadda tururuwa take bin makewayinsa. Na ce a raina, shi ke nan, ya iso, har ya turo 'yan rakiyarsa gaba.

Kada ku yi min dariya tukuna. Na san kun gane. Ni da na koyar da wannan alamar ga ɗalibai sun fi a ƙirga, ban gane ba, domin mutum in ya sa a ransa cewa shi ne mai duba mutane, ba ya kawo kansa cikin layi. Na sayi farin goro na gatsa, na ga jini a jiki, na koma na yi wa mai goro faɗa wai ya ba ni ja. Wandona ya fara zamewa, na ce tela ne. Shayi kuwa, cokali huɗu nake zubawa, safe da yamma, in bi da goro, in goge baki da asuwaki sama-sama a kan babur, haƙoran gaba kawai, waɗanda jama'a ke gani.

Da rasuwar ta kai wata biyar sai na ɗauki kwalbar na hau babur zuwa Lakwaya. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sau uku na tsaya shan ruwa, sau biyu na shiga gona. Na yi sallama a zaure. Matarsa, Hajiya Atine, ta fita takaba ba da daɗewa ba, ta zo ta tsaya daga bayan ƙyaure. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na yi mata ta'aziyya, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan na tura kwalbar ta ƙasan ƙofa.

"Hajiya, amanar Alhaji ce. Na kawo."

Ina jin motsin zinaren a cikin kwalba tana juya ta.

"Me ya ce maka da ya ba ka?"

"Ya ce in ajiye masa."

"Sai me?"

"Ya ce zai dawo ya karɓa."

Kwalbar ta dawo ta ƙasan ƙofa, ta tsaya a jikin takalmina.

"To ai bai ce ka kawo min ba, Likita. Alhaji bai taɓa saɓa alkawari ba. Ka riƙe masa."

Na so in jefa ta a rafi a hanyar dawowa. Na tsaya, na ɗaga hannu, sai na tuna in ya zo bai tarar ba fa? Na mayar aljihu.

Ranar da abin ya ƙare, wata Laraba ce, wata na bakwai da rasuwar Alhaji. An ɗauke wuta, janareta ba mai, marasa lafiya sun watse, ana jiran la'asar. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar famfo. Ina zaune da takunkumi a fuska, ban ma tuna ban cire ba. Warin ya cika min kai, ya fi na kullum, kamar mutum ya sunkuyo daf da fuskata. Na ja durowa, na fito da kwalbar na ajiye a kan tebur. Zinaren yana kwance a ƙasan ruwa, baƙin guntun saiwa yana leƙowa daga ciki.

Na ce, "Alhaji, na san ni ne. Taku goma ne ban yi ba. Ka yafe min. In kuma karɓa ka zo yi, ga shi nan, ka ɗauka ka tafi, ni ina da 'ya'ya ƙanana."

Daga bayana aka ce, "Da wa kake magana?"

Na ce ban yi ihu ba, kuma har gobe haka zan ce. Sista Rifkatu ta ce masu sayar da rake a bakin titi sun ji. Tana tsaye a ƙofa da makullai a hannu. Ban ga amfanin ɓoyewa ba, na kwashe komai na gaya mata, warin, da masallaci, da tururuwa, da Hajiya Atine. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗauki kwalbar, ta buɗe, ta shinshina.

"Wannan wata bakwai yana cikin magani. Ba ya warin komai. Yanzu kana jin sa?"

"Kamar ya zauna a cinyata."

"Cire takunkumin."

Na cire.

"Yanzu fa?"

Na ja numfashi. Na sake ja. Warin magani, warin ƙura, ƙamshin man da take shafawa.

"Ya tafi."

"Mayar."

Na mayar. Na ce, "Ya dawo."

Ta nuna kujerar da yatsa. Shekara ashirin ina tsaye a gefen wannan kujera, na kwantar da hakimai da 'yan dako a kanta, ban taɓa sanin rufin ɗakin yana da tsaga ba sai ranar. Ta haska tocila, ta zagaya da madubi, ta taɓa turamena biyu na ƙasa, na ji sun amsa mata. Ta sa ƙugiya ta ɓamɓaro wani abu ta nuna min, kamar guntun siminti. Sannan ta kama yatsana ta soka. Na'urar ta yi ƙara. Ta juyo min da ita in gani da idona. Bai kai na Alhaji ba. Amma hanya ɗaya muke, shi dai ya riga ni fita.

Zama huɗu ta yi tana kankare min baki, ba tausayi. Turmi ɗaya ya tafi, ɗayan ya tsaya. Likita na ainihi ya ɗora ni a kan magani, har yau ina sha. Shayina yanzu kamar hukunci. Ina goge baki safe da dare, ciki da waje, har can inda ba mai gani, in bi tsakanin haƙora da zare. Da dasashin ya warke sugan ya fi jin magana, da sugan ya sauka dasashin ya daina jini. Duk wata shida nake hawa kujerar nan da ƙafata. Kuma tun daga ranar, wanda ya shigo min da irin wancan bakin, ko sarkin ban dariya ne, ba na dariya sai an soki yatsa. Mai haƙorin Makka kuwa ba na ce masa ya cire. Cewa nake ya bari in leƙa gefensa sau biyu a shekara, shaidarsa ta zauna lafiya, shi ma ya zauna.

Kwalbar tana nan a durowa ta biyu, in kun zo za ku gani, kada wanda ya taɓa. Bai zo ya karɓa ba tukuna. Ni ma ban matsu in kai masa ba. Wani lokaci ina cewa ai ya dawo ɗin, ya yi wata bakwai yana bin taubashinsa yana nuna masa hanya, ni ne ban ji ba.

Na gaya wa Sista haka ranar zama na ƙarshe, bakina cike da auduga. Na ƙara da cewa, ko ba komai dai a yarda hancina ne ya gano cutar, don da ba shi ba da yanzu wani labarin ake yi. Tana wanke ƙugiya, ko juyowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam Garba, hancin nan da kake cewa yana jiyo cuta daga Kabo, yatsa biyu ne tsakaninsa da bakinka. Wata bakwai ya yi a hanya."